Agogon Hannu da Harshen Mai Hannu

A ƴan shekarun nan wani baƙo ya sauka a tsintsiyar hannun mutanen biranenmu. Duk wanda ya fita da sanyin safiya wajen filin wasa na Janar Seyni Kountché a Yamai, ko ya bi manyan hanyoyin Maraɗi da Damagaram da Tawa bayan la'asar, zai ga ma'aikata da ƴan kasuwa da ɗalibai suna tattaki, jifa-jifa suna ɗaga hannu suna duba wani ɗan baƙin agogo. Faɗin lokaci shi ne mafi ƙanƙantar aikin agogon nan. Yana ƙirga takun mai shi, yana auna bugun zuciyarsa, yana lissafa barcin da ya yi da dare, wani zubi har ya girgiza masa hannu ya ce zama ya isa haka, a tashi a motsa. Wasu likita ne ya ba su shawarar tattaki saboda hawan jini ko ciwon suga, wasu ɗa ne ya aiko musu da shi daga ƙetare, wasu kuwa ado ne ya kai su.

Abin da ya haɗa su duka shi ne ranar farko. Ana fid da agogon daga kwali, a danna shi, sai ya yi sallama da harshen da mai shi bai sani ba: ko Sinanci, idan don kasuwar ƙasar Sin aka ƙera shi, ko Ingilishi, idan ta Dubai ko ta Kano ya biyo. Daga nan sai a shiga neman yadda za a sauya masa harshe. Aikin minti biyar ne a wurin yaro mai gyaran salula a bakin kasuwa, kuma da yawa za su ce babu abin tunani a cikinsa. To amma cikin wannan ɗan aiki akwai tambayoyi biyu da suka cancanci a zauna musu. Na'urar da za ta ba mutum labarin jikinsa, da wane harshe ya kamata ta yi masa magana? In kuma an sauya mata harshen, ta zama tamu kenan?

Yadda ake sauyin

Yana da kyau mu fara da sanin yadda abin yake tafiya, domin darasin farko a nan yake. Mafi yawan waɗannan agoguna ba su da ikon kansu. Agogon yana rataye ne da salula ta hanyar Bluetooth, salular kuma tana ɗauke da manhajar kamfanin da ya ƙera shi. A wasu agogunan akwai wurin zaɓen harshe a jikinsu, cikin sashen da Faransanci ke kira «Paramètres». A wasu kuwa sai an shiga manhajar cikin salula, a zaɓi harshe, sannan a jira na'urorin biyu su daidaita kafin sauyin ya bayyana a fuskar agogon. Akwai kuma waɗanda ba su tambayar kowa: duk harshen da suka tarar a salula shi suke ɗauka. Idan harshen da suka tarar ba ya cikin jerin waɗanda aka zuba musu tun daga masana'anta, galibi sai su koma Ingilishi.

Wannan ƙa'ida ta ƙarshe takan haifar da wani abin mamaki a ƙasarmu. Salulolin Tecno da Itel da Infinix, waɗanda kamfanin Transsion na ƙasar Sin ke ƙerawa, sun cika kasuwannin Afirka, kuma cikin abubuwan da suka jawo musu farin jini har da sanya harsuna irin su Hausa da Suwahili da Amharik. To mutumin Maraɗi da ya mai da salularsa Hausa, ya haɗa ta da irin wannan agogo, sai agogon ya duba jerinsa bai ga Hausa ba, ya buɗe baki da Ingilishi, harshen da mai shi bai karanta ko a lakkwal ba. In yana son agogon ya yi Faransanci, sai ya fid da Hausa daga salular ɗungurungum. Ɗan abin da ke ɗaure a hannu ya tilasta wa babban abin da ke cikin aljihu barin harshen gida.

Dalilin da ya sa da wuya a ga Hausa a jerin ba ɓoyayye ba ne. Mutanen Suwidin ba su wuce miliyan 10 da ƴan kai ba, amma harshensu yana cikin agogunan manyan kamfanoni. Masu jin Hausa a nono sun haura miliyan 50, ban da miliyoyin da suka koye ta a kasuwa da zama tare, daga Agadas zuwa Kumasi, daga Yamai zuwa Sudan. Kamfani kuwa aljihu yake ƙirgawa, bai damu da yawan bakuna ba. Ga kuma dalili na biyu, na fasaha: ƙwaƙwalwar agogon ƴar ƙarama ce, kowane harshe yana cin wuri da kalmominsa da zanen baƙaƙensa. Baƙaƙenmu masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna cikin babban kundin Unicode da na'urorin duniya ke aiki da shi, amma ba kowane agogo aka zuba wa zanensu ba. Shi ya sa wani lokaci saƙon Hausa kan faɗo a fuskar agogo da ƴan akwatuna a gurbin waɗannan baƙaƙe. Mai gaggawa zai ce a cire ƙugiyar a huta. Sai dai in aka cire ta, ƙafa ta koma kafa, ƙasa ta koma kasa, baƙi ya koma baki. Na'urar da aikinta ƙirga takun ƙafa ne, ga ta ba ta iya rubuta sunan ƙafar.

Hujjar masu cewa ba komai

Akwai masu hankali da ke ganin wannan magana ɓata lokaci ce, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko sukan ce lamba ba ta da harshe: 72 dai 72 ce, ko a Tokiyo ko a Tasawa, ga kuma hoton zuciya kusa da ita, ga hoton takalmi kusa da yawan taku, kowa ya gani ya gane. Na biyu sukan ce wanda ke da halin sayen irin wannan agogo galibi ya yi lakkwal, Faransanci ya ishe shi. Na uku, wanda ya fi nauyi, sukan ce ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro da tamowa da ƙarancin likitoci tana da abin da ya fi harshen agogo muhimmanci.

Hujja ta uku gaskiya ce, kuma ba wanda zai nemi a bar ginin ɗakin shan magani don a fassara agogo. Sai dai agogon ɗan manzo ne na wani abu da ke tafe. Yau taku yake ƙirgawa, gobe irin wannan na'ura ce za ta riƙa tuna wa mai ciki ranar awo, ta gaya wa tsoho lokacin shan maganinsa, ta aika wa likita sakamakon gwaji daga ƙauye. Al'adar da aka kafa a kan ƙaramin abu ita za a bi a kan babba. Hujja ta biyu kuwa kasuwa da kanta ta rushe ta, domin agoguna masu araha na ƴan jikkuna sun cika tebura, suna hannun direbobi da ƴan kabu-kabu da dattawan da ƴaƴansu suka saya musu, waɗanda karatunsu na allo ne ko na yaƙi da jahilci. Saura hujja ta farko, wadda ita ce ta falsafa, kuma a kanta ya kamata mu daɗe.

Taku dubu goma

Kusan duk agogon da aka kunna yana zuwa da umarni guda: taku 10,000 a yini, ko wani adadi kusa da haka. In mutum ya cika, agogon ya yi masa guɗa da ƴan taurari. In ya gaza, ya nuna masa da'irar da ba ta rufe ba. Mai saye yana ɗauka likitocin duniya ne suka zauna suka yanke wannan adadi. Asalinsa kuwa talla ce. A shekarar 1965, bayan wasannin Olamfik na Tokiyo na 1964 sun tayar wa mutanen Japan da sha'awar motsa jiki, kamfanin Yamasa ya fitar da wata na'urar ƙirga taku mai suna Manpo-kei, ma'anarsa ma'aunin taku dubu goma. Sunan ya yi daɗin faɗi a harshensu, ya kama, ya bi duniya. Da kamfanin Fitbit, wanda aka kafa a Amurka a 2007, da sauran takwarorinsa suka fara zuba agogunansu a kasuwa, sai suka gaji adadin kamar yadda ake gadon karin magana.

Daga baya masu bincike sun auna maganar. A 2019 wata tawaga ƙarƙashin Farfesa I-Min Lee ta Jami'ar Harvard ta bi mata tsofaffi sama da 16,000, masu matsakaicin shekaru 72. Ta tarar cewa mutuwa ta fi ƙaranci cikin masu yin taku wajen 4,400 a yini bisa ga masu yin 2,700, kuma amfanin yana ta ƙaruwa har wajen taku 7,500, daga nan ya daidaita. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa, a shawarwarinta na 2020, da mintoci ta yi magana: minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako ga baligi. Ba wanda ya ce taku 10,000 na da illa. Abin lura shi ne lambar da ake cewa ba ta da harshe, ga shi an haife ta cikin wani harshe, a wani gari, a wata shekara, don a sayar da wata haja. Ko an rubuta ta da Hausa, tarihinta yana biye da ita.

Haka abin yake ga yadda agogon ke ƙirga takun. Ba ya ganin ƙafa. A cikinsa akwai ɗan ma'aunin girgiza da ke jin lilon hannu, sai lissafin da aka zuba masa ya yanke hukunci cewa irin wannan lilo tafiya ce. An gina lissafin a kan mutumin da ke tafiya hannu sake, yana kaɗa shi gaba da baya. To mu dubi jikin da ke aiki a ƙasarmu. Matar da ta ɗauko ruwa daga rijiya, hannunta na sama yana riƙe da bokiti a ka, za ta yi tafiya mai nisa agogon ya ƙirga mata kaɗan, domin hannun bai kaɗa ba. Ɗan ga-ruwa da ke tura kurarsa cikin rairayi, hannuwansa biyu a kafe bisa ƙarfe, haka zai wuni yana zuba gumi agogon yana tauye masa lissafi. Mai daka kuwa, da ba ta gusa daga bakin turmi ba, sai ya ba ta ɗaruruwan taku kyauta, haka ma wanda kabu-kabu ya yi ta jijjigawa a hanya mai gargada. Cikin jerin wasannin da ke cikin agogon akwai iyo da tseren keke da gudun kan ƙanƙara. Babu noma, babu sussuka, babu jan guga, babu kokowar gargajiya, alhali tun 1975 da aka fara gasar takobi a Tawa ƙasar nan ba ta da wasan da ya kai ta. Da watan azumi, mutumin da ya tashi sahur ya koma ya kwanta bayan asuba, ya ƙara da ƙailula da rana, agogon zai ba shi maki kaɗan ya ce barcinsa ya lalace, domin barcin da ya sani shi ne na awa takwas a jere.

Har fatar jiki tana da nata bayani. Hasken nan kore da ke walƙiya a bayan agogo shi ke auna bugun zuciya: jini yana shanye koren haske, saboda haka duk lokacin da zuciya ta turo jini hasken da ke dawowa yakan ragu, agogon ya ƙirga. Amma sinadarin da ke sa fata duhu shi ma yana shan haske. Game da bugun zuciya sakamakon bincike ya sha bamban, wasu sun ga tasirin launin fata, wasu ba su gani ba. Game da awon iskar da ke cikin jini kuwa, a watan Disamba na 2020 likitocin Jami'ar Mishigan sun nuna cewa na'urar da ake maƙala wa yatsa a asibiti takan kasa gano ƙarancin iska a jinin baƙar fata kusan ninki uku bisa ga farar fata. In na'urar asibiti ta yi haka, ta kasuwa sai a yi hattara da ita.

Duk wannan yana nuna cewa agogon yana da harshe biyu. Akwai na fuska, wato kalmomin da ake sauyawa da danna yatsa. Akwai kuma na ciki, wato zaton da maƙeransa suka yi game da wane ne mutum, yaya yake tafiya, yaushe yake barci, mene ne aiki, mene ne hutu. Na farko yaron bakin kasuwa yana sauya shi. Na biyu kuwa ba ya cikin jerin zaɓi.

To me fassara za ta amfana?

Mai karatu zai iya cewa: in haka ne, sanya Hausa a fuskar agogo shafe ne kawai, kamar a yi wa bangon wani farar ƙasa. Akwai haɗarin haka, har ma da wanda ya fi shi. Na'urar da ke magana da harshen uwa ta fi shiga rai, kuma ƙaryar da aka yi da harshen gida ta fi saurin karɓuwa. Agoguna masu araha da yawa suna da'awar auna hawan jini, wasu har da sugan jini, ba tare da sun matse dantse ko sun huda fata ba. A watan Fabrairu na 2024 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a da kada su dogara da duk wani agogo ko zobe da ke cewa yana auna suga ba tare da huda fata ba, domin ba ta amince da ko ɗaya ba. Dattijon da agogonsa ya ce masa da Hausa tsantsa jininsa lafiya lau, ya ajiye maganinsa saboda haka, fassara ta cuce shi.

Duk da haka ina ganin fassarar wajibi ce, saboda dalilai biyu. Na farko, gargaɗin ma da harshe ake yin sa. Takardar da ke cikin kwalin agogo takan faɗa, da ƙananan baƙaƙe, cewa wannan ba na'urar likita ba ce. Wanda bai iya karanta wannan jimla ba lambar kawai yake gani, ita kuwa lamba ba ta nuna shakka. Mutum ba ya iya musu da abin da bai ji ba. Sai ya ji abin da agogon ke cewa sarai sannan zai iya ce masa: a nan ka yi daidai, a nan kuwa ba ka san daka ba.

Dalili na biyu ya shafi yarda. Kafin manhajar ta fara aiki takan shimfiɗa dogon rubutu, a ƙarshensa akwai wurin dannawa da aka rubuta «Accepter». Da wannan dannawa mutum yake ba da izinin a kwashi bugun zuciyarsa, da nauyinsa, da lokacin kwanciyarsa, da hanyoyin da yake bi, a kai su rumbun kamfani a wata ƙasa. Bayanan nan dukiya ce: a watan Janairu na 2021 kamfanin Google ya kammala sayen Fitbit a kan dalar Amurka biliyan 2.1. A kasuwar Bahaushe ciniki ba ya faɗawa sai mai kaya ya ji tayi da kunnensa, ya ce albarka ko ya ce ya sallama. In baƙo ne da ba ya jin harshen gari, dillali ko mai masauki ya tsaya ya fassara masa, kuma abin kunya ne a sayi kayan mutum da kalmar da bai fahimta ba. Da wannan ma'auni na kakanninmu, dannawar da mutum ya yi a ƙarƙashin rubutun da bai iya karantawa ba, da wuya a kira ta sallamawa.

Wanda ke ganin bayanan taku ba su da wani haɗari, ya tuna da abin da ya faru da manhajar Strava. A watan Nuwamba na 2017 kamfanin ya wallafa taswirar duniya da ke haskaka duk inda masu amfani da shi suka yi gudu ko tattaki. A watan Janairu na 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura cewa a wuraren da taswirar ta yi duhu akwai ƴan ɗigo masu haske, waɗanda ba komai ba ne illa sansanonin sojojin ƙasashen waje, inda sojoji ke zagaye suna motsa jiki da agogunansu a hannu. An ga irinsu a Siriya da Afganistan, an kuma ga wasu cikin hamadar arewacin Nijar. Sojojin nan da harshensu na haihuwa aka rubuta musu sharuɗɗan, ga horo ga ilimi, amma ba su gane abin da suka yarda da shi ba. Ina ga wanda ko baƙi ɗaya bai gane ba a ciki? Nijar ta yi dokar kare bayanan mutane tun 2017, yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka ta 2014 kuma ta fara aiki a 2023. Amma haƙƙin da ke rubuce cikin harshen da mai haƙƙin ba ya ji, yana nan kamar hatsi a rumbun da ba a nuna masa ƙofarsa ba.

Nauyin da ke kanmu

Da sauƙi a ɗora wa kamfanonin ƙetare laifi duka a shafa fatiha. Sai dai ko yau wani kamfani ya aiko ya ce a ba shi kalmomi 300 na Hausa zai zuba a agogonsa, wa zai ba shi, kuma waɗanne? Wasu suna nan a shirye: taku, bugun zuciya, numfashi, barci mai nauyi, barci sama-sama. Harshen ma ya fi agogon wadata a fannin tafiya, domin ya bambanta tattaki da sassarfa, da sanɗa, da yawo, da kai-komo. Wasu kuwa sai an yi shawara. Kalmar «stress», wadda Faransanci kansa arowa ya yi, damuwa ce, ko gajiya, ko ƙuncin rai, ko tashin hankali? Kowace aka zaɓa, an gaya wa mai agogo wani abu dabam game da kansa. Kalmar «objectif» fa? In aka ce buri, an mai da tafiya kwaɗayi. In aka ce wajibi, an mai da wanda ya gaza mai laifi. Da za a tambaye ni, da na ce zango. Fataken da suka yi ta bin hanyar Gwanja, da ayarin gishiri da ke ratsa Tenere zuwa Bilma, da zango suke auna tafiya: inda za a kai a sauke kaya a huta, kuma nisansa ya danganta da nauyin kaya, da ƙarfin dabba, da zafin rana, da inda rijiya take. Zangon tsoho dabam da na saurayi, na watan Afrilu dabam da na lokacin ɗari. Kalma guda ta gyara abin da taku 10,000 ya ɓata. A nan ne fassara ta gaskiya ke taɓa harshen ciki na na'ura, domin mai fassarar da ya san aikinsa zai koma wa maƙeri ya ce masa: abin da ka rubuta ba ya zama a harshenmu sai ka sauya tunanin.

Wannan aiki ba sabo ba ne a ƙasar nan. Abdou Moumouni Dioffo, masanin kimiyyar hasken rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, tun 1964 ya rubuta littafi a kan ilimi a Afirka inda ya kare koyarwa cikin harsunan gida, kuma shi mutumin ɗakin gwaji ne da ya san ba a yin kimiyya da kirari. A 1966 taron UNESCO na Bamako ya zauna kan daidaita baƙaƙen harsunan Afirka ta Yamma, har da Hausa. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. A 1999 aka tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a Nijar, a 2001 doka ta jera harsunan ƙasa guda 10, a watan Maris na 2025 kuma kundin sake gina ƙasa ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. A ɓangaren na'urori, Google ya sa Hausa cikin manhajarsa ta fassara a 2013, Facebook ya bi baya a 2016. Harsashi yana nan. Abin da ya rage shi ne aikin da ba a yi wa guɗa: malaman harshe da likitoci da masu ilimin kwamfuta na Nijar da Nijeriya su zauna su tsayar da kalmomin lafiya da na na'ura, su zuba su a inda kowane maƙeri zai iya ɗauka kyauta, kada a wayi gari agogon Katsina na faɗin wani abu, na Maraɗi na faɗin wani.

Akwai kuma wani nauyi da adalci ya ɗora mana. Duk abin da muka faɗa a kan rashin Hausa a jerin harsuna, Bazabarme da Bafillace da Babarbare da Buzu da Tubawa za su iya faɗinsa a kan nasu, har da ƙari, domin kasuwarsu ta fi tamu ƙanƙanta, Tamajak kuma tana da baƙaƙenta na Tifinag da ƙananan na'urori ba su cika sani ba. In hujjarmu ita ce yawan jama'a kawai, to mun karɓi ma'aunin kamfani, mun dai nemi a sa mu a sahun masu rinjaye. Hujjar da za ta tsaya ita ce wadda ta shafi kowane mutum guda: duk wanda za a auna jikinsa, a kwashi sirrinsa, a ba shi shawara kan lafiyarsa, yana da haƙƙin a yi masa magana da harshen da yake ji. Wanda ya nemi wannan haƙƙi don kansa ya hana maƙwabcinsa, ya rushe hujjarsa da hannunsa.

Hausawa na cewa jiki magayi, kuma gaskiya ne, sai dai ba kome yake faɗi ba. Hawan jini kan yi shekaru bai ce uffan ba, mu kuma mutane ne da in an tambaye mu jiki sai mu ce da sauƙi, ko da ba sauƙin. Ta wannan fuska na'urar da ke ƙirga abin da kunya da haƙuri ke ɓoyewa tana da amfani, kuma wanda agogo ya sa ya fara tattakin safiya ya ci riba. Sharaɗin dai shi ne kowa ya san matsayinsa: agogo mai ba da labari ne, likita da ma'auninsa na dantse shi ke tabbatarwa, mai jiki kuma shi ke yanke shawara. Ba zai iya yanke ta ba sai ya ji abin da ake faɗa masa, ya kuma san inda mai faɗin ya samo maganarsa. Saboda haka idan ɗa ya saya wa mahaifinsa irin wannan agogo, aikinsa bai ƙare da mai da shi Faransanci ba. Sai ya zauna ya karanta masa abin da za a danna kafin a danna, ya rage masa adadin taku zuwa gwargwadon ƙarfinsa, ya kashe abin da ke nuna inda yake in ba a bukatarsa, ya kuma gaya masa da Hausa cewa lambar hawan jinin da ke fitowa ba ta maye gurbin awon likita. Kafin ranar da maƙera za su ji harshenmu, mu ne tafintocin iyayenmu, kuma tafinta amana aka ba shi.